Haƙori Ba Shi Da Tsutsa



An nemi mu yi bayani a kan haƙori da cututtukansa, da kuma ma'anar kalmomin da mutum yakan ji idan ya zauna a kujerar likita. Mun ga ya kyautu mu kafa zancen a cikin birnin Kano, domin da yawa daga cikinmu can muka yi famfara, can kuma iyayenmu da ƙannenmu suke. Duk wanda ya taɓa raka ɗan'uwa sashen haƙori na Asibitin Murtala da ke wajen Ƙofar Mata ya ji maganar da aka saba yi wa likita, watau "A cire mini shi in huta." Mutum ya yi wata uku yana fama, ya danna kanumfari, ya goga kanwa, ya je wurin wanzami, sai da kunci ya haye sannan ya zo. A lokacin nan kuwa sau da yawa ba abin da ya rage sai cirewar.

Yaro haƙora 20 gare shi, na fari yakan tsiro wajen wata shida. Babba yana da 32: na gaba masu gatsa, da fiƙoƙi, da matauna waɗanda muke kira turame. Kowane haƙori hawa uku ne. A waje akwai farin ɓawo, wanda babu abin da ya kai shi tauri a jikin ɗan Adam. Ƙarƙashinsa akwai wani sashe mai kama da ƙashi, amma bai kai ɓawon ƙarfi ba. Can tsakiya kuma ga ɗan rami mai ɗauke da jijiya da hanyoyin jini. A lura da abu guda: turmin farko na girma yakan fito wajen shekara shida, can bayan haƙoran ƙuruciya, ba tare da wani ya faɗi ba. Iyaye sai su zaci shi ma na famfara ne, su ƙyale shi ya ruɓe, alhali kuwa ba shi da magaji.

To, me ke fafe haƙori? A gida an ce mana tsutsa ce. Ba mu kaɗai muka yi wannan zato ba, Turawa ma sun daɗe a kansa. Wani likita Bafaranshe, Pierre Fauchard, ya musanta batun tsutsar a littafinsa na 1728. A 1890 kuma W. D. Miller, Ba'amurke mai aiki a ƙasar Jamus, ya bayyana yadda abin yake. Akwai ƙwayoyin cuta da ido ba ya gani cikin dauɗar da ke manne wa haƙori. Su ne ke cin sukarin da ya saura a baki, su fitar da wani ruwa mai tsami, shi kuwa ya riƙa narkar da ɓawon kaɗan-kaɗan har kogo ya samu. Miyau yana gyara ɓarnar, amma fa sai an ba shi sarari. Sabo da haka yawan maimaita zaƙi shi ne babbar illa. Yaron da ya tsotsi alewa da safe, ya ci gullisuwa da hantsi, ya sami tuwon madara bayan an tashi daga makarantar allo, bakinsa bai huta ba ko kaɗan. Kada mu yi wa yara dariya. Mu ma a teburin mai shayi ba ma cewa ya isa sai cokali ya kusa tsayawa a kofi, a ofis kuma ga lemon kwalba. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada irin wannan sukari ya wuce kimanin giram 50 a yini ga babban mutum, watau wajen ƙaramin cokali 12. Kwalbar lemo guda tana iya cinye fiye da rabinsa.

Aikin da likita zai yi ya danganta da inda kogon ya kai. Idan bai iske jijiya ba, sai ya kankare ruɓar ya toshe ramin. Wannan shi ne ciko, a zama ɗaya ake gamawa. Idan ya iske ta, har yanzu ana iya ceton haƙorin: a yi allurar kashe zafi, a zare jijiyar, a wanke ramin har saiwa, a cike, galibi kuma a sa masa hula don kada ya tsage. Shi ne ake kira kashe jijiya. Haƙorin Makka da alhazanmu ke dawowa da shi irin wannan hula ce, sai dai ita don ado ake sawa, kuma idan ba ta zauna daidai ba abinci yakan taru a gindinta. Cirewa ita ce ta ƙarshe, ita ma tana da nata wahalhalun, domin haƙoran da ke maƙwabtaka da giɓin sukan karkato, tauna ta ragu, a koma neman haƙorin roba.

Ga inda muke roƙon a ba mu hankali. Haƙorin da ya yi kwanaki yana zugi sannan ya yi shiru, ba warkewa ya yi ba. Galibi jijiyar ce ta mutu, ruɓar kuwa ta zarce cikin muƙamuƙi ta tara mugunya. Idan turmin ƙasa ne, kumburin yana iya bazuwa ƙarƙashin haɓa, ya tura harshe sama, ya toshe hanyar numfashi. Wannan yana kisa. Wanda aka ga haɓarsa ta kumbura, ga zazzaɓi, baki ba ya buɗuwa, miyau ba ya haɗiyuwa, to, a kai shi asibiti a daren nan, kada a jira gari ya waye. Kanumfari lalle yana rage zogi, amma ba ya taɓa ruɓa. Ruwan batir da wasu ke ɗigawa kuwa ƙone dasashi kawai yake yi.

Dattawanmu kuma dasashi ne ya fi raba su da haƙoransu. Dauɗar nan idan ta daɗe sai ta ƙandare kamar dutse a gindin haƙori, dasashi ya riƙa jini, baki ya yi wari, ƙashin da ke riƙe da haƙorin ya zaizaye har ya soma girgiɗa. Shan taba da ciwon sukari suna ƙara abin. Magani shi ne wankin haƙori a asibiti. Masu cewa wankin yana buɗe tsakanin haƙora sun yi kuskure: ramin yana nan tun tuni, dutsen ne ya rufe shi.

Ba mu zo don mu kushe asuwaki ba. Addini ya kwaɗaitar da shi, yana da araha a Kasuwar Kurmi, kuma yana fitar da dauɗa ƙwarai idan an bi da shi ciki da waje har turame. Laifinmu shi ne mu rataya shi a baki muna hira, na gaba kaɗai ke samun rabo. A haɗa da burushi da man goge baki mai sinadarin fulorayid sau biyu a yini, musamman kafin barci, a tofar da kumfar kada a kurkure. Gawayi da toka suna faranta haƙori, amma kankare ɓawon suke yi, shi kuwa ba ya tofowa.

Saura cuta guda ta ƙananan yara, wadda likitoci ke kira noma, wasu a karkara kuma suke ce mata ciwon iska. Takan kama 'yan shekara biyu zuwa shida, musamman masu tamowa ko waɗanda suka tashi daga ƙyanda. Daga ɗan gyambo a dasashi take farawa, cikin kwanaki ƙalilan ta huda kunci. Idan ba a yi magani ba, kusan tara cikin goma ba sa tashi, alhali a farkonta magungunan kashe ƙwayoyin cuta da abinci mai gina jiki suna tsayar da ita. Yawanta a ƙasar Hausa ya sa aka buɗe mata asibiti na musamman a Sakkwato a 1999, kuma Nijeriya ce ta jagoranci neman da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar da ita cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su a watan Disamba na 2023.

Idan an yi hutu mun koma Yakasai ko Mandawari ko Koki, mu kira ƙannenmu waje cikin haske, mu ɗaga musu leɓe, mu duba dasashi da turmin nan na shekara shida. Wanda aka ga baƙin ɗigo ko jini a bakinsa, a kai shi tun bai fara kuka ba.