Baƙar Mota Ba Ta Rufa Asirin Mai Wankinta

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, a Makera, Kaduna ta Kudu



Kwamitin shirya taro ya ce a bana kowa ya ɗan tsakuro wa 'yan'uwa wani abu daga cikin sana'arsa. To, ni tawa sana'ar fentin mota ce, a nan Makera nake yin ta tun ina saurayi, har ga shi furfura ta fito. Saboda haka zan yi magana a kan wanke mota, da goge ta, da shafa mata kaki, musamman baƙa, ko shuɗiya mai duhu. Kada a raina batun. Bayan gida, mota ce kadara mafi tsada da akasarinmu muka mallaka, ranar sayarwa kuwa fenti mai saye ke fara kallo kafin ya ce a buɗe bonet.

Mu mutanen wannan shiyya ba baƙi ba ne ga harkar mota. Ga Kakuri nan a maƙwabtanmu, inda aka kafa kamfanin Fijo a 1972, ya fara harhaɗa motoci a 1975. Da yawa daga cikinmu a 504 muka koyi tuƙi. Amma fentin da aka saba a wancan zamani ya bambanta da na yau. A da, launi da sheƙi shafi guda ne, shi ya sa in ka goge tsohuwar mota za ka ga launinta a jikin tsumma. Daga shekarun 1980 kamfanoni suka koma yin fenti hawa-hawa: shafin hana tsatsa, sai shafin share fage, sai launi, sa'an nan shafi na ƙarshe marar launi, garai-garai kamar gilashi. Wannan na ƙarshe shi ne sheƙin da kuke gani, kaurinsa kuwa bai wuce kashi ɗaya cikin 20 na milimita ba, wato bai kai silin gashin kai ba. Duk maganata ta yau a kan tsare wannan ɗan siririn shafi take, domin abin da aka kankare daga jikinsa ba ya tsirowa.

Babban abokin gābarsa a Kaduna shi ne ƙura. Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu kan kwaso hazo daga Sahara, mafi yawa daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, ta zube mana shi a kan motoci. A ido gari ne mai laushi, amma a cikinsa akwai ƙwayoyin yashi da suka fi fenti tauri nesa ba kusa ba. Muddin ƙurar tana zaune a kan mota, ba ta yi ɓarna ba tukuna. Ɓarnar tana farawa ne da safe, lokacin da direba ko yaron gida ya ɗauko busasshen tsumma ya bi motar da shi. A nan ya mai da tsumman takardar yashi. In kuna son shaida, ku tsai da baƙar mota a rana tsaka ku dubi bonet, za ku ga zane-zane sun kewaye hasken rana kamar saƙar gizo-gizo. Farar mota ma tana da su, sai dai launinta yana ɓoye su. Baƙa kuwa ba ta rufa wa kowa asiri.

To, yaya za a yi wankin? Da farko a nemi inuwa, a kuma bari jikin motar ya huce, don baƙin ƙarfe a ranar bazara yakan yi zafin da tafin hannu ba ya iya jurewa, ruwa da kumfa su bushe nan take su bar tabo. Sa'an nan a kwarara ruwa tun daga rufi har ƙasa, ya tafi da ƙurar, kafin hannu ya taɓa fenti. A tanadi bokiti biyu, ɗaya na kumfa, ɗaya na ruwa zalla. Duk lokacin da aka wanke ƙofa guda, a ɗauraye soson a na biyun kafin a mai da shi cikin kumfa, don yashin ya kwanta can. A fara daga sama a gangaro, domin ƙasan mota ne matattarar jar ƙasa da taɓo. Taya kuma a ware mata nata soso. Tsumman da ya faɗi ƙasa ya gama aiki a ranar, sai an wanke shi.

Omo na tufafi ne. An yi shi don ya cire maiƙo, saboda haka yana tafiya da kakin da ke kāre fenti. Akwai sabulun ruwa na mota, murfi ɗaya ko biyu ya isa bokiti. Haka kuma kada a bar mota ta bushe da kanta, musamman in da ruwan rijiya ko na burtsatse aka yi wankin, don yana barin farin ɗigo-ɗigo. A tsane ta da tsumma mai laushi mai shan ruwa. Kashin tsuntsu da na jemage, da ƙaron bishiya, a cire su ranar da suka faɗo: a ɗora jiƙaƙƙen tsumma a kai har su yi laushi, a ɗauke, ba a kankara. In sun kwana biyu a rana, sukan ci fenti su bar tambarinsu.

Sai batun man gogewa, wanda muke kira folish. Mutane da yawa suna zaton folish da kaki abu guda ne. Ba haka ba ne. Folish ragewa yake yi, yana da ɗan kaushi da ke cinye saman fenti kaɗan har zane-zanen su baje, sheƙi ya dawo. Don haka magani ne, ba abinci ba. Sau ɗaya a shekara ya wadatar. Wanda ya ba da motarsa ana bin ta da injin gogewa kowane wata, wata rana zai ga gefen ƙofa da ƙaryar bonet sun yi dishi-dishi, daga nan kuwa sai sabon fenti. Ina kuma jan kunne game da masu zuba kananzir a ruwan wanki don mota ta yi ƙyalli. Ƙyallin kwana ɗaya ne, kashegari ƙura ta manne. Man birki kuwa kada ya kusanci fenti ko kaɗan, don kwaɓe shi yake yi.

Kaki shi ne mai ƙarawa. Fitaccensa ana samo shi ne daga ganyen karnoba, wata bishiya dangin giginya da ke arewa maso gabashin Birazil, ba ya kuma narkewa sai zafi ya haura digiri 80. Akwai kuma na haɗin kimiyya da ya fi shi daɗewa. A shafa shi siriri a kan mota wankakkiya, busasshiya, a inuwa, ɓangare-ɓangare. In ya yi hazo-hazo, a ja yatsa a kai. Idan wurin ya fita fes, to, a goge da tsumma mai tsabta. Yawan lafta shi ba ya ƙara kāriya, wahalar gogewa kawai yake ƙarawa. A rana irin tamu, duk wata uku a sabunta, musamman gab da hunturu da gab da damina. Alamar yana nan ita ce ruwa ya dunƙule a kan bonet kamar ƙwai. Motar da aka yi wa sabon fenti kuwa a ba ta aƙalla wata guda, ko yadda mai fentin ya ce, kafin a sa mata kaki.

Daga ƙarshe, ranka ya daɗe shugaba, ina da roƙo. Masaƙar KTL da aka buɗe a Kakuri a 1957 ta tsaya da aiki a 2002, wasu masaƙun suka bi bayanta, gidaje da dama a Makera suka rasa abin dogaro. Cikin samarin da ke wankin mota a bakin titunanmu akwai 'ya'yan waɗannan gidaje. Ba mugunta ke sa su ɓata fenti ba, ba wanda ya taɓa zama ya nuna musu ne. Yaron da ya san abin da na faɗa yau zai riƙe abokan cinikinsa, ya kuma nemi ladan da ya dace da aikinsa. Ina ba da shawara ƙungiya ta ware Asabar guda kafin hunturu, ta tara su, ta sayi bokitai da tsummoki da sabulu. Ni na ɗauki nauyin koyarwa kyauta, garejina kuma a buɗe yake. Masu iya magana sun ce rigakafi ya fi magani.