Daga Samaru zuwa Dawce: Littafi Ya Fito Ƙofa

Jawabin da na gabatar a taron matasa na garin Dawce

Ƴan uwana matasa, na gida da waɗanda suka taso daga Matameye da Damagaram, sannunku da hanya.

An ce in ba ku labarin inda na yi karatu. To, Zariya ce, Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka buɗe a 1962 a Samaru. A tsakiyarta akwai babban ɗakin karatu, abin da muke ce wa bibiliyotek, mai sunan Kashim Ibrahim, gwamnan Jihar Arewa na wancan zamani. Ran da na fara shiga, wallahi tsayawa na yi. Ni da na yi birebe da littafin lissafi guda, mu biyar muna karɓa-karɓa, sai ga ni gaban kantoci hawa-hawa, ko'ina littafi. A can na fara karanta aikin marigayi Yusufu Bala Usman kan tarihin Katsina, na gane yadda tushen sarautar Maraɗi yake. Ku ji fa, sai da na tsallaka iyaka na karanta tarihin ƙasata.

A Hayin Dogo na kama ɗaki, cikin unguwannin Samaru. Unguwa ce da ke ci daga jami'a: masu shayi, masu fotokwafi, masu ɗinke takardun ɗalibai, ƴan acaɓa, masu gidajen haya. Akwai wani yaro mai turo mana ruwa a kura. Wata rana ya gan ni da littafi, ya ce, "Yaya, wai da gaske a cikin ginin can littafi ya fi buhunan kasuwa yawa?" A unguwar aka haife shi, kullum yana hango ginin, bai taɓa sa ƙafa ciki ba. Maganarsa ta hana ni barci. Na zo daga wata ƙasa an ba ni kati, shi kuwa ɗan gida katanga ta tare shi.

Amma a Samarun nan na ga ɗaya fuskar. Akwai cibiyar binciken aikin gona da ta girmi jami'ar kanta, don tun 1922 aka fara gwajin noma a wurin. Irin gujiya da ake kira SAMNUT, da wake SAMPEA, da masara SAMMAZ, duka daga can suka fito, kuma wannan "SAM" ɗin Samaru ke nan. Manomin da bai taɓa riƙe alƙalami ba yana shuka abin da wani ya kwana yana bincike a kansa. Nan na fahimci cewa darajar ɗakin karatu tana ga abin da ya fito daga ƙofarsa ya iske mutane.

Yanzu mu dawo gida. Wa ya san inda ɗan Dawce zai je ya ari littafi yau? Ƙannenmu masu shirin birebe suna bita a gindin fitilar sola, kaye ɗaya a hannun mutum uku. Mu da muka yi bak, muka wuce Jami'ar André Salifou ta Damagaram ko Yamai ko Zariya, littattafanmu suna cikin kwali a ƙarƙashin gado, gara na ci. Haka takardun kakanninmu malamai, na larabci da na ajami, suna cikin gafaka suna ruɓewa. Ashe mu ma mun gina katanga, tamu ma ta fi muni, don ba mai amfana ko a ciki ko a waje.

Ba na ce mu gina irin na Kashim Ibrahim ba. Da sannu ƙwai kan yi ƙafa. Abu uku nake roƙo. Na ɗaya, duk wanda ya gama wani aji ya kawo littafi biyu kafin a koma lakwal. Na biyu, mu je wajen mai gari da magajin gari cikin ladabi, mu roƙi ɗaki guda, mu sa tabarma da kanta da fitila. Na uku, a sami mutum biyu, mace da namiji, su riƙe kayen rajista: wa ya ara, yaushe zai maido. Ƴan birni da ke bin mu a Facebook, ku ma da ku: in babu littafi, kuɗin mota kawai zai kawo kwali daga Damagaram.

Sharaɗi ɗaya ne: ba kati, ba tambayar ɗan wane ne kai. Talibin makarantar allo, da ƴar talla, da mai kurar ruwa, kowa ya shiga.

Nawa kwalin yana nan bakin ƙofa, littafi goma sha ɗaya ne. Wa zai ɗora nasa?

Allah ya yi mana jagora.