Tarihin Majinyaci Ya Bi Shi Duk Inda Ya Je: Jawabin Kwamitin Lafiya a Taron Shekara



Kusan kowannenmu ya taɓa ɗauko mahaifi ko mahaifiya daga gida zuwa babban asibitin birnin da yake zaune. Likita ya tambayi maganin da suke sha da sakamakon awon da aka yi musu a baya, sai mu miƙa leda cike da kwalayen magani. Katin asibitin gida ya ɓace, ko gara ta cinye fayil ɗin. Daga nan a sake awo, a sake biyan kuɗi, wani lokaci ma a ba majinyaci maganin da jikinsa ya taɓa ƙi.

Maganin wannan shi ne adana tarihin majinyaci a kwamfuta. Akan ba shi lamba ɗaya, a rubuta ciwonsa, awonsa da magungunansa a ƙarƙashinta. In tafiya ta kama, a buga masa takarda ya riƙe. Daga waɗannan bayanai ake fitar da rajistar masu ciwo iri ɗaya, kamar hawan jini, ciwon suga da sikila, domin likita ya san yawansu, ya kuma gane wanda ya daina zuwa a neme shi. Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu, domin tun 1960 aka buɗe rajistar masu ciwon daji a Ibadan.

Mun san wasu za su ji tsoron tonon asiri. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta wa kowane asibiti adana tarihin majinyaci da rufa asirinsa, Dokar Kare Bayanai ta 2023 kuma ta ƙarfafa hakan. Ƙungiya za ta ba da kayan aiki ne kawai. Ko Shugabanta ba shi da ikon leƙa fayil ɗin kowa.

Saboda haka muna roƙon wannan taro ya amince a saya wa asibitinmu kwamfuta biyu da na'urar buga takardu, a sa wutar sola, a kuma horar da ma'aikatan ɗakin kati. Horon ne ya fi muhimmanci, don kada injin ya zama abin ado a ofis. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya mai da kowa gidansa lafiya.