Idan Dare Ya Riske Ki A Daji



Yau za mu leƙa kudancin Jihar Kano ne, ƙasar Rano da Kibiya, musamman Rurum Tsohon Gari da ƙauyuka da rugagen da ke kewaye da shi. Duk wadda ta san yankin ta san ƙasa ce mai duwatsu da kwazazzabai, ga madatsar ruwan Tiga nan kusa, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako. A irin wannan wuri mace ba ta rabuwa da tafiyar ƙasa. Wata ta je yin itace, wata ta kai nono kasuwa ciniki bai faɗa da wuri ba, wata ta je barka ko ta'aziyya hira ta yi daɗi, wata kuma cikin dare aka tashe ta don maƙwabciya tana naƙuda. Kafin ki ankara an yi magariba, gida kuma da sauran tafiya. To me za ki yi?

Abu na farko, 'yar uwa, ki tsaya ki tambayi kanki: shin tafiyar nan dole ce a daren nan? Hausawa sun ce da muguwar rawa gara ƙin tashi. In kina cikin gari ko kusa da ruga, kuma babu rai a kan hanya, ki nemi gidan 'yan uwa ko gidan mai unguwa ki kwana, ki yi waya gida ko ki aika. Sau da yawa abin da ke jefa mace hanya cikin duhu tsoron faɗa ne. Yarinya tana tsoron Inna, amarya tana tsoron uwar miji, matar gida tana tsoron abin da za a ce. To iyayena, ina roƙonku, ku sauƙaƙa. Ku gaya wa 'ya'yanku da surukanku tun yau cewa in dare ya yi musu su kwana inda mutane suke, babu mai yi musu faɗa. Ku ma masu gida, na san kuna saurarenmu ta bayan fage, maganar har da ku.

In kuwa tafiyar ta zama dole, kada ki tafi ke kaɗai. Ku zama biyu ko uku, in da hali da namiji cikin 'yan uwa, kuma a san hanyar da kuka bi da lokacin da kuka tashi. Ki bi turbar da kika sani ko da ta fi nisa. Yanke cikin dare ba na mai goyo ba ne, don a nan ake faɗawa tsohuwar rijiya ko ramin da aka haƙi ƙasar gini. Ki riƙe sanda doguwa, ki ɗaure zaninki tamau, ki tattare hijabi kada ƙaya ta kama, ki gyara goyo. In kina da takalmi sau-ciki ki sa shi, silifa ba ta tsare ƙafa daga komai. Kaya masu nauyi a ka kuwa, ki bar su a hannun amana, damin itace ba ya guduwa.

Sai maganar haske. Tocila ta fi waya, domin wayar ita ce bakinki in wani abu ya faru, kada ki ƙarar da cajinta. Ki haska ƙasa, taku uku ko huɗu a gabanki, kada ki haska fuskar abokiyar tafiya. In babu tocila, ki sani ido yana bukatar kamar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, kuma duba waya sau ɗaya yana iya rushe sabon nan. Shi ya sa ake so ki ɗan zauna tukuna kafin ki ɗauki hanya.

Mu mata mun san lissafin wata, don da shi muke azumi da sauran al'amuranmu. To ki yi amfani da shi. Jaririn wata a yamma yake tsayawa, kuma ba ya daɗewa yake faɗuwa. Wajen 7 ga wata yakan kai tsakar dare. Daren 14 kuwa da magariba yake fitowa daga gabas, ya raka ki har asuba. Daga nan kullum yana ƙara makara da kusan minti 50, har ya zama wajen 21 ga wata sai tsakar dare yake leƙowa. Kin ga ke nan, in za ki je unguwa mai nisa a ƙarshen wata, ki taso tun la'asar sakaliya.

Yanzu mu zo kan abin da ya fi ɗaukar rai, wato maciji. Da dare yake fita farauta, musamman farkon dare, kuma an fi cin karo da shi farkon damina da lokacin girbi. Dutse da turba suna riƙe ɗumin rana, shi ya sa yake son kwanciya a kansu. Akwai kububuwa, 'yar ƙarama, wadda wasu ke kira gobe da nisa. In ta fusata takan goga jikinta da jikinta ki ji wani sauti kamar an zuba ruwa a mai mai zafi. In kin ji wannan, ki tsaya cak, ki haska, ki ja da baya a hankali. Akwai kasa, mai kauri, wadda ba ta guduwa, kwanciya take yi a hanya har a taka ta. Akwai gamsheƙa mai feshin dafi a ido. Don haka ki riƙa buga sandarki a ƙasa kina tafiya, maciji yana jin motsin ƙasa a jikinsa, da yawansu za su ba ki hanya. Kada ki cusa hannu a kogon dutse, ko suri, ko ƙarƙashin tarin kara, can ma kunama take.

In Allah ya ƙaddara an yi sara, don Allah ku saurara da kyau. Kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya ko ɗankwali. Dafin kububuwa hana jini daskarewa yake yi, to in aka sa aska sai jini ya ƙi tsayawa. Ɗauri mai ƙarfi kuma yana iya kashe ƙafar gaba ɗaya. A cire zobe da awarwaro kafin wurin ya kumbura, a sa kara ko sanda a tallafe ƙafar kamar an yi karaya, a ɗauki mutum kada ya taka da kansa, a nufi babban asibiti mafi kusa, kamar na Rano; in allurar kashe dafi ba ta nan, su za su ce ga inda za a je. Kada a ce ai tana magana lafiya lau, a bari sai gobe, don jinin yakan ɓalle daga baya, ta dasashi ko ta fitsari. In dafi ne ya shiga ido, a yi ta wankewa da ruwa mai yawa sannan a tafi asibiti. Ba ƙaramar matsala ba ce: a 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin cututtukan da aka yi sakaci da su, kuma a Kaltungo ta Jihar Gombe akwai asibiti na musamman saboda shi.

Ruwa ma haka. Da damina, rafin da kika tsallaka da safe a idon sawu, da dare yana iya kawo ƙugu, ko da ba a yi ruwa inda kike ba, don daga kan duwatsu yake gangarowa. In kin ji rurinsa, kada ki shiga, ki koma tudu ki jira. Bakin dam da magudanan noman rani kuma akwai santsi, ki yi nesa da su.

To in kin ɓata fa? Kin ga itacen da kika wuce ɗazu ya sake bayyana a gabanki, gabanki ya faɗi, kin ce an juyar da ke. Ki yi addu'a, ki kwantar da hankalinki, abin yana da dalili. A 2009 wasu masu bincike daga Jamus sun sa mutane tafiya a daji da kuma cikin hamadar Sahara, suka ga cewa in babu rana ko wata da mutum zai dafa, sai ya riƙa karkacewa har ya yi ta zagaye, shi kuwa yana zaton miƙewa yake. Saboda haka da zarar kin gane kin ɓata, ki daina tafiya. Ki nemi fili a sarari, nesa da ciyawa da bakin kwazazzabo, ki share wurin da sanda, ki zauna ki rufe yaro da kyau, musamman da hunturu. In da ashana ki hura 'yar wuta, ki kula kada ta kama daji. Ki yi waya ki faɗi inda kika baro da abin da kike gani. Sai ki kasa kunne: haushin kare, ƙarar mota, carar zakara, kiran assalatu. In kin ga gamzaki ya fito, can ne gabas, kuma gari ya kusa wayewa. Awa kaɗan na sanyi sun fi karaya a cikin kwazazzabo.

Idan kin iso gari ko ruga cikin dare, ki ɗaga murya ki yi sallama tun daga nesa, ki faɗi ko 'yar gidan wane ce, don karnuka da 'yan sintiri kada su ɗauke ki ɓarawo. Mu kuma na gida, in isha ta yi mutum bai dawo ba, kada a zauna ana ƙorafi. A sanar da mai unguwa, a fita da fitilu ana kiran sunanta.

Iyayena da 'yan uwana, lokaci ya ƙure mana. Wadda ta ji ta gaya wa wadda ba ta ji ba, musamman 'yan matanmu masu zuwa itace da talla. Allah ya tsare mu a gida da daji, ya kai kowa ɗakinta lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.