Daga jar ƙasa zuwa tukunyar miya

 Muna gaida ɗaliban yaƙi da jahilci na Difa, da Boso, da Yebi, da duk garuruwan bakin Komadugu.

Yau hirarmu a kan tukunyar alminiyam take, wadda uwargida ke dafa miyar kifi da tattasai a cikinta. Shin daga ina wannan ƙarfe ya fito?

Asalinsa wata jar ƙasa ce mai suna boksit, wadda ƙasar Gine ke da ita da yawa. Idan an tace ta, sai a sami farin gari. To amma garin nan ba ya narkewa sai zafi ya wuce digiri 2000. Shi ya sa a da alminiyam ke da ɗan karen tsada.

A shekarar 1886, samari biyu, Hall a Amurka da Héroult a Faransa, suka gano dabara. Akwai wani gishiri, sunansa kiriyolit. A cikinsa, kowace ƙwayar alminiyam ɗaya tana da ƙwayoyin fulorin shida kewaye da ita, sun zama dunƙule guda, ƙwayoyin sodiyam uku na riƙe da su. Idan an narkar da gishirin, farin garin yana narkewa cikinsa kamar sukari cikin shayi, a wajen digiri 960 kawai. Sai a saki lantarki, ƙarfen ya kwanta a ƙasa. Da can a Girinlan ake haƙo gishirin; a 1987 aka rufe ramin, yanzu haɗa shi ake yi a masana'anta.

Kun ga irin wahalar. Amma tsohon alminiyam, a digiri 660 yake narkewa, shi ya sa maƙeranmu ke iya zuba tukwane da gawayi. Saboda haka, fasasshiyar tukunya da gwangwanin lemo ba shara ba ne, dukiya ce. A tara, a kai wa maƙeri.

Sai dai ga gargaɗi. Maƙera, kada ku haɗa da darmar batirin mota ko tarkacen inji. Darma guba ce, tana shiga abinci, tana daƙushe ƙwaƙwalwar yara. Ke kuma uwargida, ki tambayi abin da aka narka kafin ki saya, kuma kada miya mai tsami ta kwana a tukunya. Rigakafi ya fi magani.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.