Jawabi Kan Bashin Gida Da Gubar Fenti



Magana biyu muka kawo yau, dukkansu a kan gida. Tun 1916 aka kafa unguwarmu ta Sabo a nan Ibadan, don haka da yawan gidajenmu sun tsufa, gyara kuwa sai da kuɗi.

Ta farko ita ce bashin gida. Akwai 'yan'uwanmu da suka ci bashi suka yi gini, suka ajiye takardar gida jingina, yanzu kasuwa ta ja baya, biya ya gagara. To jama'a, wanda ya shiga wannan hali kada kunya ta sa ya yi shiru har a zo sayar da gidan. Ya je wurin mai bashi tun wa'adi bai cika ba, a sake tsara biyan, a rubuta, shaidu su sa hannu. Tun ran gini, ran zane.

Mu sani gwamnatin tarayya ta kafa Asusun Gidaje na Ƙasa a 1992. Ma'aikaci na zuba kashi 2.5 cikin 100 na albashinsa, ɗan kasuwa ma yana iya shiga. Lamunin yana da ruwa kashi 6 cikin 100, ana biya har shekara 30. Wanda ke gudun kuɗin ruwa kuwa, akwai bankunan da ba ruwansu da shi, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012. Amma fa banki ba zai saurare mu ba sai da takardar mallaka, kuma dokar filaye ta 1978 ta ce jinginar fili a birni sai da amincewar gwamna. Mu gyara takardunmu.

Ta biyu ita ce fenti. Wasu fentin mai, musamman ruwan ɗorawa da ja, suna ɗauke da dalma. Amurka ta hana irinsa a gidaje tun 1978. Idan ya tsufa yana ɓarewa, yaro mai rarrafe ya kai baki, ƙurar ta shiga jininsa ta taɓa ƙwaƙwalwa, karatu ya gagare shi, mu kuwa mu ce daƙiƙi ne. Ba mu manta Zamfara ba, inda a 2010 gubar dalma daga niƙan dutsen zinariya ta kashe yara fiye da 400. Dalmar dai ɗaya ce.

Saboda haka in za a yi gyara, kada a kankare bango a bushe, a jiƙa shi tukuna. A fitar da yara da masu juna biyu sai an gama, a goge daɓe da jiƙaƙƙen tsumma, a wanke wa yara hannu kafin cin abinci. Wajen saye kuma a nemi fenti marar dalma.

Shawararmu ita ce ƙungiya ta buɗe asusu, kowane ɗan kasuwa ya riƙa zuba abin da ya sawwaƙa duk wata, a naɗa amintattu uku su riƙe littafin. A fara da gidajen marayu da na zawarawa, sannan wanda bashi ke neman raba shi da gidansa a ranta masa ba ruwa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah Ya rufa mana asiri, Ya raya mana zuriya.