Kada Tumatirinmu Ya Ruɓe a Banza



Kowace shekara idan tumatir ya yi yawa, mukan sayar da kwando a wulaƙance, sauran kuma ya ruɓe. Bayan 'yan watanni mu dawo muna saye da tsada. Kauɗa dai mun saba yi. Yau za mu ƙara da wata dabara ta mutanen Indiya, wadda suke kira catni.

Mu yanka tumatir kilo 1, manyan albasa 3, attarugu da citta. Mu zuba binega kofi 1, sukari kofi 1, da gishiri kaɗan. Mu dafa da wuta kaɗan-kaɗan, muna juyawa, har ya yi kauri. Kada mu rage binega ko sukari don tsimi, gama su ne ke hana shi lalacewa.

Mu tafasa kwalabe da murafensu minti 10, mu zuba shi da zafinsa, mu rufe gam, mu ajiye inda rana ba ta kaiwa. Yakan yi watanni, ana ci da shinkafa, doya ko ƙosai. Amma idan murfi ya kumbura ko ya yi funfuna, mu zubar, kada ma a ɗanɗana.

Kowane gida ya fara gwadawa da kwalba 2.